Rijiyar da Ruwa Ya Haƙa

Kanab, dare na huɗu.
Na wanke safata a masauki,
ruwan ya fito kamar an jiƙa jar kanwa.
Yahanasu ta yi barci da takalmi ɗaya a ƙafa.
Ita ta biya kuɗin tafiyar nan,
wai shekara sha tara ina ƙirga ƙwayoyi a kantin magani a Columbus,
ban san Amurka ba sai ta tagar bas.

Mu sha ɗaya ne a motar, ga Lorinda Tsosie a sitiyari,
gorar ruwa a gefe, makirfo a haɓa.
Kullum safe sai ta ƙirga mu kamar awakin da za a kai kiwo,
ta ce a sha ruwa tun ƙishi bai yi sallama ba.
Tsohon nan Halvorsen, da taswirarsa ta takarda,
yana musu da ita a kowace kwana.
Matarsa na ɓare masa lemo, ba ta cewa uffan.

A Zion duwatsu suka matse sama ta zama ƙyalle,
wuyana ya ƙage da kallo.
A Bryce na ga shuri dubu a tsaye,
babu gara ko ɗaya.
Na ce tubarkalla, na koma kujerata.

Sai yau, a bakin babban kwazazzabon.
Lorinda ta miƙa sanda
tana karanta bangon daga sama zuwa ƙasa:
wannan farin, da can teku ne,
wannan jan, laka ce ta bushe,
baƙin can na ƙarƙashi ya girmi ƙashi, ya girmi ganye.
Kowa ya ɗaga waya.
Ni gwiwata ce ta yi sanyi,
don na san karatun nan.

Ubana Tanimu haƙar rijiya yake yi a Maigatari.
Ina ɗan shekara tara nake tsayawa a baki
ina zubar da ƙasar da aka jawo.
Daga ciki muryarsa ke tasowa, siririya:
rairayi ya ƙare, ga jangargari,
ga marmara, a sauko min da diga.
In ya turo laka mai sanyi
sai ya ce in ɗanɗana in gaya masa.
Wata rijiyar sai an yi gaba ashirin da biyu
kafin ƙasa ta yi gumi a tafin ƙafarsa.

Na tambayi Lorinda, wa ya haƙa wannan?
Ta nuna wani koren zare can ƙasa,
wanda da ƙyar idona ya kama.
Ta ce, shi.

Baba ya ƙarar da bayansa yana huda ƙasa
don ya tarar da ruwa,
ga inda ruwa ya zauna ya haƙa tasa,
ba diga, ba igiya, ba yaro a baki,
ba wanda ya sallame shi da ko damin gero.
Dariya ta taso min, ta maƙale a wuya.
Yahanasu ta riƙo rigata,
Abba, matsa daga bakin nan.
Abin da yake ce min ke nan, daga ƙasa.

An hana ɗaukar ko tsakuwa, na bi doka.
Amma da suka juya wajen mota
na dangwala yatsa a ƙurar bakin ramin
na kai harshe.
Ba danshi.
Da sauran haƙa, da zai ce.

Gobe ƙarfe shida Lorinda za ta sake ƙirga mu.
Safar na rataye a ƙofar banɗaki,
tana ɗiga ja a kan farin tawul ɗin mutane.